Tekun Da Ya Koma Tsauni: Tarihin Duwatsun Atlas



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan fili. Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne tarihin duwatsu, mun kuwa sani akwai waɗanda suka shigo zauren nan suna cewa a ransu, me dutse ya sani balle ya ba da labari? To, ga abin da za mu fara da shi. A ƙasar Maroko akwai wani tsauni da ake kira Mgun, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000 daga bakin teku. Tsauni mafi tsawo a Nijeriya, watau Gangirwal na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Wanda ya hau Mgun ya duba dutsen da yake takawa, farar ƙasa ce wadda ta daskare, irin wadda ake toyawa a yi siminti, a cikinta kuwa ga ɓawon katantanwa da makankari da murjani, halittun da ba su rayuwa sai a ruwan teku mai ɗumi. Babu wanda ya ɗauko su ya kai su can. A nan suka rayu, a nan suka mutu, kimanin shekara miliyan 190 da suka wuce. Ashe wurin da yau dusar ƙanƙara take rufewa da hunturu, a dā gindin teku ne. Yadda aka yi kwari ya koma tsauni, da abin da wannan juyi ya jawo wa mutanen da ke zaune a wurin, na alheri da na masifa, shi ne jigon jawabinmu.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita a kan kalma guda. Kowa ya san kududdufi. Da damina ruwa yakan kwaso yashi da taɓo da ciyayi ya zuba a ciki, da rani su bushe, damina ta sake zagayowa ta shimfiɗa wani a kai. Wanda ya haƙa gefen tsohon kududdufi zai ga shimfiɗu hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Abin da masana ilmin ƙasa suke nufi da kwarin tara laka ke nan, sai dai nasu kududdufin faɗinsa yakan kai ɗaruruwan kilomita. Akwai kuma wani bambanci wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Kududdufi yakan cika, shi ke nan. Shi kuwa wannan kwari gindinsa lotsawa yake yi a hankali, ana zubawa yana nitsewa, har a tara laka mai kaurin kilomita da dama alhali ruwan da ke samanta bai taɓa yin wani zurfi na a zo a gani ba. Nauyin na sama yakan matse na ƙasa, yashi ya zama dutsen yashi, taɓo ya zama dutsen laka, ɓawon halittun ruwa ya zama dutsen farar ƙasa.

Wannan fahimta ba ta jiya ba ce. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani a cikin littafinsa Kitabus Shifa cewa shimfiɗun da ake gani a jikin tsaunuka teku ne ya ajiye su ɗaya bayan ɗaya a zamuna daban-daban. Nikolas Steno, mutumin Denmak, ya tsara ƙa'idar a 1669. Abin da na baya suka ƙara shi ne ƙidayar shekaru. A cikin tokar duwatsu masu aman wuta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira zarkon, masu ɗauke da yuraniyam, shi kuwa yuraniyam yana rikiɗa ya zama darma bisa wani ma'auni da ba ya sauyawa. Idan aka auna yawan wannan da yawan wancan sai a san shekarun ƙwayar, da shekarun shimfiɗar da aka same ta a ciki. Duk miliyoyin da za ku ji mun ambata daga irin wannan awo suka fito.

Tsaunukan Atlas sun miƙe daga gaɓar Tekun Atlantika kusa da Agadir, suka ratsa Maroko da Aljeriya har Tunisiya, tafiyar kimanin kilomita 2,500. Su ne katangar da ta raba Sahara da ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Rundunar Judar Basha da ta bar Marrakesh a 1590 ta je ta rushe daular Songhai sai da ta hau su ta sauka, haka kuma Shehu Ahmad Baba na Tambutu sa'ad da aka tafi da shi Marrakesh a ɗaure. Mazauna tsaunukan Amazik ne, dangin Buzaye ta wajen harshe. A Maroko an raba tsaunukan uku: Babban Atlas a tsakiya, Atlas na Tsakiya daga arewa maso gabas, da Ƙaramin Atlas daga kudu a bakin hamada. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo ita ce Tubkal, mita 4,167, amma ita tsohon dutsen aman wuta ce, ba ta cikin waɗanda teku ya shimfiɗa.

Kwari na farko a Ƙaramin Atlas ake karanta shi. Daga kimanin shekara miliyan 540 zuwa miliyan 330 da suka wuce, gefen arewacin Afirka yana ƙarƙashin teku marar zurfi, laka kuwa ta taru har kaurinta ya doshi kilomita 10. A tsakiyar wannan zamani, wajen shekara miliyan 445, wani abin mamaki ya faru: nahiyar tana can kusa da ƙarshen duniya na kudu, sai ƙanƙara ta rufe inda yau yake Sahara. Har yanzu ana ganin ƙarcen da ta yi a kan duwatsu a kudancin Aljeriya da yankin Jado na Nijar. Halittun wannan teku su ne suka sa sunan garuruwan Alnif da Arfud ya zaga duniya. Akwai wani ƙwaron ruwa mai kama da kyankyaso da ake kira tirilobayit, akwai kuma wasu masu ɓawo nannaɗe kamar gammo. Dubban mutane a yankin da haƙo su da goge su da sayar da su suke cin abinci, har tebur da kwanon wanke hannu ake sassaƙawa da baƙin dutsen Arfud.

A nan za mu ɗan ratse. Wurin da ya fi kowane daraja a wajen masana shi ne Fezuwata, kusa da Zagora, inda laka mai shekara kimanin miliyan 480 ta adana har halittu masu taushin jiki waɗanda ba su da ɓawo. Wanda ya gano wurin ba farfesa ba ne. Wani mai haƙar burbushin halittu ne ɗan yankin, Muhammad Ben Mula, wanda ya san duwatsun garinsu kamar tafin hannunsa. A 2015 aka raɗa wa wata halittar ruwa mai tsawon mita 2 sunansa. Mun kawo wannan ne saboda ɗalibin da zai fita daji neman ilmin ƙasa ya riƙa gaida mai haƙar rijiya da mai fasa dutse yana tambayarsu, domin sau da yawa sun riga shi gani.

Wannan kwari ya mutu sa'ad da nahiyoyi suka haɗu. Ɓawon duniya ba guda ba ne, faya-fayai ne manya masu tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara. Tsakanin shekara miliyan 330 da miliyan 300, faifan Afirka ya yi karo da na Amurka ta Arewa da Turai, aka sami dunƙulalliyar nahiya guda wadda ake kira Panjiya. Karon ya nannaɗe shimfiɗun, ya tayar da tsaunuka, waɗanda ragowarsu a ɗaya ɓangaren su ne tsaunukan Apalash na gabashin Amurka. Ruwa da iska suka cinye waɗannan tsaunuka har suka kusa zama fili. Amma akwai abin da ba su iya cinyewa ba, watau manyan tsagogi da karon ya bari a cikin ɓawon ƙasa, masu zurfin kilomita da dama. Mafi shahararsu ita ce tsagar Tizi n'Test, kudu maso yammacin Marrakesh. Muna roƙon ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi har sau biyu.

Yanzu mun iso kwari na biyu, wanda shi ne ainihin uban Babban Atlas. Kimanin shekara miliyan 240 zuwa 230 da suka wuce, a zamanin da ake kira Tirayas, Panjiya ta soma yagewa. Ku ɗauki curin yumɓu a hannun mai ginin tukwane, a ja shi ta gefe biyu: tsakiyar za ta sirance, ta tsattsage, ta lotsa. Haka ya faru, tsagewar kuwa ba ta nemi sabuwar hanya ba, tsofaffin tabon nan ta bi, kamar yadda ɗinkakkiyar ƙwarya take sake fashewa a kan ɗinkinta. Tizi n'Test da 'yan'uwanta suka farka, ƙasar da ke tsakaninsu ta zame ƙasa, aka sami dogayen kwaruruka. A lokacin Maroko tana manne da gabashin Kanada, yanayin kuwa zafi ne da fari. Koguna suka riƙa zubo jan yashi da jar laka. Wanda ya bi hanyar Marrakesh zuwa Agadir ta kwarin Argana zai ga wannan jar ƙasa jibge, kaurin dubban mita, irinta kuma sak tana can gaɓar Fandi a Kanada, yau Tekun Atlantika ya raba su.

Ruwan teku yakan kutso cikin waɗannan kwaruruka lokaci-lokaci, rana ta ƙafar da shi, ya bar gishiri, ya sake shigowa ya sake ƙafewa, har gishirin ya yi kauri. Sa'an nan, shekara miliyan 201 da suka wuce, ƙasa ta tsage ta yi aman narkakken dutse irin wanda ba a cika samun kamarsa ba a tarihin duniya. Ya malale fili mai faɗin murabba'in kilomita kimanin miliyan 10, wanda yau yake warwatse a nahiyoyi huɗu, daga Maroko da Mali da Gini zuwa Brazil da Amurka da Sifen. Iskar da ta fito tare da shi ta birkita yanayi da ruwan teku, ta hallaka babban kaso na jinsunan halittu. A Babban Atlas ana ganinsa kamar baƙin ɗamara a kan jar ƙasa, wasu daga cikin aune-aunen da suka tabbatar da cewa aman da mutuwar lokaci guda suka faru, a kan duwatsun Maroko aka yi su.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Tsagar yamma ta ci gaba da buɗewa har ta zama Tekun Atlantika. Ta Atlas kuwa ta buɗe ta tsaya, ba ta kai ga raba nahiya ba. Amma gindinta ya ci gaba da nitsewa, sai wani tsohon teku da ake kira Tetis, wanda Bahar Rum ragowarsa ce, ya shigo ta gabas ya cika ta. Wannan shi ne zamanin Jura. Ku kwatanta wani dogon hannun teku mai faɗin kilomita ɗari ko fiye, ruwa garai-garai, zafi irin na yankunan tsakiyar duniya. A gefuna inda ba zurfi, murjani da manyan makankarai suka gina tudun farar ƙasa, su ne duwatsun Mgun da na mashigin Todga. A tsakiya inda zurfi yake, laka mai toka-toka ta riƙa sauka tare da halittun nan masu kama da gammo, waɗanda ake kira amonayit. Su amonayit siffarsu takan sauya da sauri daga zamani zuwa zamani, saboda haka masani yakan ɗauki guda ya faɗa maka shekarun shimfiɗar kamar yadda mai canji yake gane zamanin kwabo. A wasu wurare abin da ya taru ya zarce kaurin kilomita 5.

Gishirin da ke ƙasa fa bai zauna lafiya ba. Gishiri idan aka danne shi da nauyi tsawon zamani yakan malala kamar danƙo, ga shi kuma bai kai duwatsun da ke kansa nauyi ba. Sai ya riƙa sulalewa yana bin tsagogi yana hawa, yana ɗaga wasu wurare su zama tudu, yana barin wasu su lotsa su ƙara ɗaukar laka. Binciken da aka yi a wannan ƙarni ya nuna cewa yawancin dogayen tuddan da ke yankin Imilshil ta haka suka faro, tun kafin a yi maganar tsauni. Wannan gishiri na Tirayas shi ake haƙa a Telwet, a kan tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Marrakesh da hamada, gidan Galawi kuwa, waɗanda ɗansu Tuhami ya zama Basha na Marrakesh daga 1912 zuwa 1956, da gishirin da kuɗin fiton hanyar suka fara ƙarfi.

Wajen shekara miliyan 165 laka ta rinjayi lotsawa, kwarin ya cika, teku ya janye, koguna suka dawo da jar ƙasa. A kan wannan fadama ce manyan dabbobin nan da ake kira dainaso suka yi kiwo. A 1979 wani masani ɗan Suwizalan, Mishel Monbaron, ya gano ƙasusuwan wani a Wawmda cikin lardin Azilal, kusan cikakku, tsawonsa kimanin mita 15, aka raɗa masa suna Atlasaurus a 1999. Kusa da Demnat kuma akwai sawayensu ɗaruruwa a kan dutse, taɓon da suka taka ne ya bushe ya daskare.

Teku ya sake dawowa sau ɗaya mai muhimmanci, daga kimanin shekara miliyan 70 zuwa miliyan 48. Wannan karon shimfiɗaɗɗen ruwa ne marar zurfi da ya shigo daga Atlantika, cike da kifi da manyan ƙadangarun ruwa dangin guza. Ƙasusuwansu da haƙoransu da kashinsu suka taru suka zama fosfat, sinadarin da ake takin zamani da shi. An kafa kamfanin OCP a 1920, aka fara haƙa a Khuribga a 1921, ƙiyasin hukumar binciken ƙasa ta Amurka kuwa ya ba Maroko tan biliyan 50, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da aka sani a duniya. A nan tarihinsu ya taɓo namu ta hanya biyu. A daidai wannan zamani wani hannun teku ya ratso Sahara ya iso ƙasar Sakkwato da Tawa. Shi ya bar farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita, da ɗan fosfat na yankin Dange, da ƙasusuwan wani ƙadangaren ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Ta ɗaya hanyar kuma, a Disamba na 2016 Nijeriya da Maroko suka ƙulla yarjejeniyar kawo fosfat don haɗa taki, ke nan manomin Funtuwa ya zuba wa masararsa haƙoran kifin da ya mutu shekara miliyan 60 da suka wuce.

Shimfiɗun wannan teku na ƙarshe su ne shaidarmu a kan shekarun tsaunin. Ana samun su a gindin Babban Atlas ta arewa da ta kudu, a karkace, wasu ma a tsaye. Tun da a kwance teku ya ajiye su, lalle ɗagawar ta zo ne bayansu. Abin da ya faru shi ne, faifan Afirka ya sauya alƙibla ya nufi Turai. Ƙarfin da dā yake ja, yanzu ya koma turi. Tsagogin da suka zame ƙasa suka ba kwari wuri, su ne dai suka juya suka riƙa hawa, suna tunkuɗo abin da ke cikin kwarin sama, kamar yadda tabarma take tasowa a tsakiya idan an ture ta ta baki biyu. Inda ya fi zurfi da tarin laka, nan ya fi tasowa. Mafi yawan wannan aiki cikin shekara miliyan 40 na baya-bayan nan aka yi shi, har yau kuwa bai ƙare ba.

Sai dai akwai wata matsala da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. Tsauni kamar jirgin ruwa yake, gwargwadon tsawonsa a sama gwargwadon nitsewarsa a ƙasa. Ƙarƙashin Tibet kaurin ɓawon ƙasa ya kai kilomita 70. Ƙarƙashin Babban Atlas bai wuce kimanin 40 ba, matsewar da aka auna a tsakiyarsa kuma kashi 15 zuwa 25 ne cikin 100, wanda bai isa ya ɗaga dutse mita 4,000 ba. Amsar da aune-aunen girgiza da na nauyin ƙasa suka bayar ita ce, a ƙarƙashin Maroko akwai dutse mai zafi marar nauyi da ya taso kusa da ɓawo, yana tallafe da yankin duka. Tsofaffin ramukan aman wuta da ke kusa da Azru a Atlas na Tsakiya, waɗanda ba su daɗe da mutuwa ba a ƙidayar ilmin ƙasa, suna goyon bayan wannan bayani.

Me mutanen ƙasar suka samu daga wannan dogon tarihi? Mu a ganinmu ruwa ne kan gaba, ya fi fosfat. Dutsen farar ƙasa ruwan sama yakan narkar da shi ya yi koguna da ramuka a ciki, saboda haka duwatsun Jura suna shanye ruwa da narkakkiyar ƙanƙara su sake su a hankali ta maɓuɓɓugai. Daga nan Ummur Rabi'a da Muluya da Ziz suke tasowa, dabinon Tafilalt, inda tsohon birnin Sijilmasa yake, da wannan ruwa yake rayuwa. Tsakuwa da yashin da ake kankarowa daga tsaunin kuma suna taruwa a sababbin kwaruruka a gindinsa, a Hawz da Sus da Warzazat, su ma suna riƙe ruwa, tun zamanin Murabiɗai mutanen Marrakesh suke janyo shi ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suke kira khattara. Akwai darma a Mibladen kusa da Midelt, a cikin farar ƙasar Jura. Man fetur kuwa, wanda kowa yake fara tambaya da zarar an ce kwari, ba a sami na kirki ba. Laka mai maiƙo tana nan, kamar ta Timahdit, amma kwarin da aka birkice aka tsattsaga aka kankare samansa tamkar tulu ne da aka fasa, abin da ya tara ya daɗe da tsiyayewa. Wannan ya isa ya nuna cewa samun kwari mai kauri ba shi ne samun mai ba.

Saura ɓangare mai ɗaci. Daren 29 ga Fabrairu 1960 ƙasa ta girgiza a Agadir, a bakin yammacin Babban Atlas. Ƙarfinta 5.8 ne kawai a ma'auni, amma tushenta na kusa da sama, a ƙarƙashin garin, ta kashe mutum 12,000 zuwa 15,000, kimanin sulusin mazaunansa. Sa'an nan ranar 8 ga Satumba 2023, da ƙarfe 11 da minti 11 na dare, wata mai ƙarfin 6.8 ta auku a lardin Hawz, kimanin kilomita 70 kudu maso yammacin Marrakesh. Mutum fiye da 2,900 suka rasu, yawancinsu a ƙauyukan kan dutse inda gidajen laka da dutse suka rufta a kan masu barci, duwatsu kuma suka toshe hanyoyin da masu agaji za su bi. Masallacin Tinmal, wanda Muwahhidai suka gina a tsakiyar ƙarni na 12, ya rushe sai kaɗan. Na'urori sun nuna motsin na turi ne, wani ɓangaren ƙasa ya hau kan wani, a yankin tsagar Tizi n'Test, masana da yawa kuwa da ita ko rassanta suke danganta girgizar. Tabon da karon nahiyoyi ya bari shekara miliyan 300 da suka wuce, wanda ya buɗe kwarin Tirayas, shi ne har yanzu yake motsi.

Abin lura shi ne, kafin 2023 taswirorin haɗari sun fi mai da hankali a kan arewacin Maroko, yankin Rif, inda girgiza ta fi yawa, kamar ta Husaima a 2004. Ba a ɗauki Hawz a sahun gaba ba. Dalili kuwa a fili yake. Afirka tana matsar Turai da milimita 4 zuwa 5 a shekara, abin da Babban Atlas yake ɗauka daga ciki bai fi kimanin milimita 1 ba. Tsagar da take tara ƙarfi a wannan tafiyar hawainiya takan yi shekaru dubbai tana shiru kafin ta saki. Na'urorin auna girgiza ba su fi shekara ɗari da 'yan kai ba, tarihin da aka rubuta ma bai isa ba. Wanda yake so ya san abin da irin wannan tsaga take iya yi, dole ya koma ga shimfiɗun ƙasa: ya haƙa rami a kanta, ya ga inda ta yanke tsakuwar kogi, ya auna shekarun abin da ta yanke. Aikin tarihin kwari da wasu suke ɗauka shagalin masana ne, shi ne yake faɗa wa injiniya irin ƙarfen da zai sa a ginin makaranta.

Muna da ɗan'uwan Atlas a gida, watau kwarin Binuwai. Shi ma tsaga ce da ta buɗe ta tsaya, sa'ad da Amurka ta Kudu take rabuwa da Afirka fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Ya tara yashi da laka masu kaurin kilomita da dama, teku ya shige shi, kimanin shekara miliyan 85 kuma aka matse shi ya nannaɗe. Bambancin shi ne matsewar ba ta daɗe ba, ga shi nesa da bakin faifai, saboda haka bai zama babban tsauni ba. Amma kayan gadon iri ɗaya ne: ruwan gishiri a Awe da Keana, darma a Abakaliki da Zurak, farar ƙasar siminti a Ashaka, sai kuma man da aka ba da sanarwar samu a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2019. Waɗanda hutu zai bi da su hanyar Gombe zuwa Numan, idan kun iso tsaunukan Lamurde ku dubi gefen hanya. Dutsen yashin da za ku gani, wanda masana suka raɗa wa sunan Dutsen Bima, koguna ne suka shimfiɗa shi a kwance, amma za ku tarar ya karkata ta wannan gefe, idan kun wuce tsakiyar tudun kuma ya karkata ta wancan.

Shugaba, a nan za mu dakata, sauran lokacin na masu tambaya ne.